Kunun Jawahir

Kafin masu kai gawa su dawo daga maƙabarta, unguwar Kwaciri ta riga ta gama shari'a.

Jawahir 'yar marigayi Kyari ta sha kununta da hantsi tana lafiya, har an ji ta tana musu da mai kayan miya a ƙofar gida. Kafin azahar wuyanta ya kumbura ya haɗe da haɓa, harshe ya cika baki, numfashi ya koma gurnani. Aka sa ta a adaidaita sahu sai asibiti. Likita ya dubi wuyan, ya dubi fitsarinta da ya yi duhu kamar baƙin shayi, ya ce guba ce, amma wace iri, sai gwaji ya dawo. Jawahir ba ta jira gwajin ba. Da safe aka sallace ta.

A tabarmar zaman makoki magana ta fara a raɗe, ta tashi a fili. Yarinya budurwa, wata da watanni tana shan wani magani da ba a san kansa ba, kuma a hannun wa take karɓa? A hannun Julie, 'yar Sabon Garin nan mai aiki a kemis. To maganin me budurwa za ta lizimta haka? Mata suka dubi juna, kowace ta gyara mayafi. Kafin la'asar an ce ciki ne aka so a zubar, har an faɗi sunan mai cikin. Falmata, ƙanwar uwar yarinyar, ita ta fito da farar robar maganin ta danƙa wa 'yan sanda, tana kuka tana cewa ga abin da ya kashe musu 'ya. Da samari suka fara taruwa a bakin kemis ɗin, Insfekta Daniel ya riga su, ya tafi da Julie. Shi kansa bai tantance ba ko kama ta ya yi ko ɓoye ta.

* * *

Baba Ari yana zaune a rumfar 'yan sintiri sai ga Malam Zakka, uban Julie, yana jan ƙafa.

Ari mai bin sawu ne. A ƙuruciyarsa, can wajen Gubio, raƙuma da shanun sata yake bi. Ya dubi rairayi ya gaya maka ɓarawon gurgu ne ko kaya ya ɗauko a ka. Fari ya koro shi Kano tare da amininsa Kyari, suka yi gadi a Kantin Kwari, suka tsufa a Fagge. A birni siminti da kwalta sun cinye sawu, sai ya koyi bin wani iri: abin da mutum ya zubar, abin da ya wanke, inda ya ƙi kai idonsa. Boko kuwa sai da gemunsa ya yi fari ya shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma Malam Zakka, mutumin Wusasa, shi ya riƙe masa hannu ranar da ya fara rubuta sunansa.

Zakka ya zauna a bakin benci, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Ari, ban zo in ce 'yata ba ta yi ba. Ni uba ne, maganata ba shaida ba ce. Na zo in ce ka duba."

"Malam, yarinyar da aka binne ɗin nan, a cinyata wanzami ya yi mata askin suna. Uwarta ko takabar Kyari ba ta fita ba."

"Na sani. A gidana Jawahir take cin shinkafar Kirsimeti. Maman Julie tun jiya ba ta sa komai a baki ba, ni ma ban san wacce take yi wa kukan ba."

Ari ya ɗago ya dube shi.

"In na ɗauki sawu, inda ya tsaya nan nake tsayawa. Ko ƙofar wa ce."

"Ko tawa ce," in ji Zakka.

* * *

Insfekta Daniel ya ba su benci a bayan ofis. Julie ta fito da rigar aikinta ta jiya, idanunta sun kumbura.

"Baba, kalsiyam ne fa. Ƙarin abinci ne kawai, ko mai ciki ana ba ta."

"Kada ki sake cewa mai ciki a garin nan. Na me take sha?" in ji Ari.

Julie ta sunkuyar da kai.

"Na aurar da 'ya'ya mata, Julie. Faɗi."

"In al'adarta ta kusa, kamar saura mako, sai ta zama wata daban. Kai ya yi ta sara, ƙirji ya yi nauyi ko riga ba ta so ta taɓa shi, ciki ya kumbura. Sai kuka. Ka ce mata sannu ta yi kuka, ka ƙi cewa ta yi faɗa. Da jinin ya zo shi ke nan, kamar an ɗauke da hannu. A gida aka ce iska ce. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Wata rana ta ce min, Julie, wannan wane irin aljani ne mai duba kalanda?" Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Ni na kai ta wurin likitar mata. Likita ta ce ciwo ne sananne, mata da yawa suna fama da shi ba sa faɗa. Ta ce ta rage gishiri, ta riƙa tafiyar ƙafa, ta riƙa shan wannan kullum. Bai warke duka ba, amma ya yi sauƙi. Watan jiya ko kofi ɗaya ba ta fasa ba. Da wata ya ƙare sai ta zo in ba ta sabuwar roba."

"Maganar ciki fa?"

Insfekta ne ya amsa. "Likita ya ce babu ciki, Baba. Na faɗa wa mai unguwa. Aka ce rufa asiri muke yi."

Ya ɗauko robar a cikin leda ya buɗe. Ari ya leƙa. Ba ƙwayoyi ba ne, farin gari ne.

"Ƙwayar babba ce," in ji Julie, "Jawahir ba ta iya haɗiye ta, sai ta yi yunƙurin amai. Mahaifiyarta, Inna Kubura, ita ce take daka mata duka a ɗan turmi ta mayar cikin robar, kullum ta dama mata a kunu."

"Ka ga matsalata," in ji Insfekta. "Da ƙwaya ce, da kowa ya gani da idonsa. Gari kuwa, kowa sai ya ce an haɗa da wani abu. Gwaji zai ɗauki lokaci, samarin nan ba za su jira ba. In ban sami wata magana ba, dole in tura ta gaba. In ta tafi gaba kuma, ka san yadda dawowa take."

Julie ta kama bakin bencin. "Baba, ko ba a sake ni ba, a daina cewa ciki ne. Ba ta nan da za ta rama."

* * *

A Kantin Kwari, a layin 'yan atamfa, Ikrima ya buɗe shagonsa rabi ya zauna a kan dila. Shi ne saurayin Jawahir, kuma shi ne sunan da aka faɗa a tabarmar makoki. Maƙwabtan shago suna wucewa ba sa kallonsa.

"An ce kun yi faɗa," in ji Ari.

"Duk wata muke yi, Baba. Ta kore ni, ta ce kada in sake taka ƙofarsu, ta aiko min da atamfar da na ba ta. Bayan 'yan kwanaki ta kira ni ta ce, wai ina atamfata, ko ka ba wata? Ga turmin can." Ya nuna da haɓa. "Ya je Kwaciri ya dawo har ledarsa ta tsufa. Da fari na zaci ba ta sona. Julie ce ta ja ni gefe ta ce, Ikrima, in ka ga kwanakin nan sun zo, ka rage surutu ka kawo kankana."

"Ka kai kankanar?"

Ikrima ya rufe fuska da hannu biyu.

"Ba ita kaɗai na kai ba. Mai motar nan da lasifika, wanda ke tsayawa bakin kasuwar Sabon Gari, na ji yana cewa nasa yana maganin duk matsalar mata. Na sayi kwalba na kai mata. Ta ce ita ba ta shan ruwan kwata, a kan haka muka yi faɗan. Amma na bar kwalbar a can. Baba, in ta sha fa? In ni ne fa?"

Mai motar bai yi wuyar samu ba, muryarsa tana gaba da shi. Da ya ga hular sintiri ya ji tambayar, sai ya kashe lasifika, ya fasa sabuwar kwalba ya kafa kai ya shanye rabi.

"Sabara ce da citta da tsamiya, Baba. Ni ba mace ba ne, amma kullum sai na sha."

"Yana maganin abin da kake faɗa?"

"Allah ke warkarwa. Ni dai yana maganin yunwata."

Ari ya tsaya yana kallonsa har mutumin ya fara tsarguwa. Babu abin da ya same shi sai gyatsa.

* * *

Mai takaba ba ta fita, ba ta ado, ba ta zama da maza. Saboda haka a tsakar gida aka shimfiɗa wa Ari tabarma, a bakin ƙofar Kubura, labule a tsakaninsu. Ya san muryar nan tun ranar da Kyari ya kawo ta amarya daga Barno. Yau ta shaƙe kamar ta tsohuwa.

"Ya Kubura, yaya haƙuri?"

"Da godiya, Ba Ari," ta ce, yadda mutanen Barno ke kiran dattijo.

"Ki ba ni safiyar nan. Yadda ta zo, kada ki gyara."

"Ta tashi da ciwon kan nan nata. Na dama kunun tsamiya. Na ɗebo garin maganin na kwaɓa shi da ɗan ruwa a ludayi, da yatsa, kamar kullum, don kada ya yi gudaji. Har na ƙara mata a kan na kullum, don na ga ta matsu. Ta kurɓa ta ce, Inna, yau da ɗaci. Na ce bakinki ne, shanye." Labulen ya motsa kaɗan. "Ni ce na hana ta maganin nan da fari. Da na ga sauƙi, ni na koma mai ba ta. Na riƙi yarinyar nan Julie kamar 'yar cikina. Dubi abin da maganinta ya yi min, ni da taɓawa kawai na yi."

Hannu ya fito ta gefen labule. Hannun mai takaba, babu zobe, babu awarwaro, fata ta bushe. Amma ɗan yatsan manuni baƙi ƙirin ne har gaɓa ta biyu, farcen ma ya rine.

"Lalle kika taɓa?"

"Ina takaba, Ari? Ko kwalli ban sa ba tun ranar da aka fita da amininka."

"Yaushe ya yi haka?"

"Ranar da la'asar na ga ya yi ja-ja. Washegari ya koma haka. Na wanke da toka, na wanke da lemon tsami, ya ƙi."

"A watannin baya ya taɓa yi miki haka?"

"Bai taɓa ba."

"Wa kika nuna wa?"

"Falmata. Ta ce in rufe, kada mata su ce na yi ƙunshi cikin takaba."

Ari ya tambayi waɗanda suka shigo gidan kafin ranar, domin mai takaba ba ta zuwa ko'ina, duk abin da ya same ta da ƙafar wani ya shigo. Julie ta kwana biyu ba ta zo ba. Ikrima iyakarsa zaure. Falmata ce ta biyo ana gobe abin zai faru, daga wani gidan biki a bayan layi, ta huta ta yi la'asar ta tafi.

Hannun ya koma bayan labule. Ari ya miƙe a hankali, ya zagaya tsakar gidan kamar mai miƙe ƙafa. A kan taga ya ga kwalbar Ikrima, ko murfinta ba a fasa ba. A bakin madafa ya ga abin da ya saba gani shekara da shekaru bai taɓa kulawa ba: gwangwanin madara da gishiri a ciki, kwalbar maganin tari da allurai, robar man shafawa da daddawa. A gidan nan ba a yar da abu mai murfi. Can gefe ga wata farar roba, irin ta hannun Insfekta sak. Ya buɗe. Kanumfari ne.

Sai ya tsuguna a bakin magudana, inda ake wanke-wanke. A kan simintin akwai tabo baƙi, ya bi hanyar ruwa ya sirance har ya fita ta ƙarƙashin katanga, gefensa ya yi ja-ja kamar tsatsa. Ya kifa kwandon kwanuka. Ludayin duma yana ƙasa, cikinsa baƙi kamar an ƙona.

Ya sa ludayin a aljihun babbar riga, ya yi sallama.

* * *

Mai kemis, Madam Felicia, ta ƙofar baya ta shigar da Ari da Zakka, don gaba a kulle take tun ranar. Ari ya karɓi ƙwayar kalsiyam, ya murƙushe ta da gindin kwalba, ya kwaɓa da ruwa da yatsansa, ya bar shi ya bushe a kai. Ya yi azahar da taimama a wannan yatsan don kada ruwa ya taɓa shi, sannan ya tuna hakan ba daidai ba ne, ya sake alwala ya sake kwaɓawa. Har rana ta karkata yatsan fari ne kamar ya taɓa alli.

"Me ke nan?" in ji Zakka.

"Ke nan abin da Kubura ta dama ranar ba maganin 'yarka ba ne."

"To mene ne?"

"Koma gida, Malam. Ka ce wa Maman Julie ta ci abinci."

* * *

Gidan Falmata a Rijiyar Lemo ba ya ɓata, mata ne ke shiga da fita, wasu ƙafafu a ɗaure cikin leda. Ƙunshi ne sana'arta, kuma ta yi suna a zanen baƙi na amare. Ari bai kai ga yin sallama ba ya tsaya. Ruwan gidan yana fitowa ta magudana ya bi gefen layi, kuma duk inda ya bi simintin baƙi ne, gefensa ja-ja kamar tsatsa.

Ya daɗe a tsaye. A Gubio ya sha bin sawu wuni guda ya ƙare a ƙofar baƙo, ya ji daɗi. Sau ɗaya tak ya taɓa roƙon Allah ya aiko iska ta share masa sawu, shi ne yau.

Falmata ta fito zaure, hannayenta baƙi har wuyan hannu, kamar kullum.

"Ba Ari, kai ne a gidan mata? Ko amarya za a ƙara?"

"Tambaya ce ta tsufa. Wannan baƙin, da me ake yi?"

"Dayis ne."

"Shi ma baƙi ne?"

"Ina! Dutse ne fari-fari, daka shi nake ya zama gari. Sai ya sha ruwa ya sha iska yake..."

Ta tsaya. Ari bai ɗago ba, ƙafafunta yake kallo. Yatsun suka lanƙwashe cikin silifa.

"Yana fita da wanki?"

"Ba ya fita," ta ce da ƙyar. "Sai dai fata ta sake."

"Ni ba zan shiga ɗakinki in buɗe jaka ba, Falmata. Gobe da hantsi za mu taru a gidan yayarki, tunda ita ba ta fita. Akwai 'yar mutane a bayan kanta, akwai kuma wadda ke kabari ana cewa ta yi cikin shege. Ki kwana da wannan."

"Ba Ari, mijinta ya mutu, 'yarta ta mutu. Me ya rage mata? Kana so ka kashe ta?"

Ari ya juya ya fita daga zauren.

Daga nan ofishin 'yan sanda ya nufa. Insfekta Daniel ya juya ludayin a hannu, ya kira likita a waya, ya saurara, ya ajiye.

"Ya ce alamun sun yi daidai: wuyan, harshen, fitsarin. Ya ce tun ranar ya yi zargin haka, amma ya tambaya aka ce gidan takaba ne, babu mai ƙunshi."

"Insfekta, ba za a iya sakin Julie ba, ba tare da Kubura ta ji gaskiyar ba?"

"Zan iya sakinta. Amma ina za ta je? In ba daga bakin gidan nan maganar ta fito ba, Kwaciri za ta ce an saye mu. Kemis ɗin zai ci wuta, ita kuma Jawahir ta tafi da sunan da aka laƙa mata."

Ari ya san haka tun kafin ya tambaya.

* * *

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Kyari. Mai unguwa ya zauna a kujera. Insfekta ya zo da Julie, Zakka yana bayanta. Ikrima ya rakuɓe jikin katanga. Mata uku daga cikin masu zaman makoki suka zauna a bakin madafa, don su ji su kai. Falmata ta zo ƙarshe, ta lulluɓe cikin dogon hijabi. Labulen Kubura a sake.

Ari ya fara da kwalbar Ikrima. Ya ɗaga ta kowa ya ga murfin.

"Wannan ba a sha ba. Kuma likita ya ce babu ciki. Duk wadda ta faɗa a tabarmar nan, ta nemi gafarar mamaciya."

Matan suka sunkuyar da kai. Ikrima ya zame ya zauna a ƙasa.

Ari ya karɓi robar hannun Insfekta, ya ɗebi garin ya kwaɓa a tafin hannunsa. "Wannan maganin Julie ne. Jiya na wuni da irinsa a yatsana. Ga yatsan." Sannan ya fito da ludayin ya ajiye a tsakiyar tabarma, ya nuna bakin magudana. "Abin da aka dama wa Jawahir ranar ya rina ludayi, ya rina siminti, ya rina yatsan uwarta. Wata da watanni ana dama maganin Julie a ludayin nan bai taɓa rina shi ba."

"To me ya rina shi?" in ji mai unguwa.

"Dayis. Na ƙunshi. Kafin ya sha ruwa fari ne."

"A gidan takaba?" wata daga cikin matan ta ce. "Wa zai kawo dayis nan?"

"Sharri ne," in ji Falmata. "An ga ni mai ƙunshi ce. Ni na ba 'yan sanda robar da hannuna, a kan kantar Yaya na ɗauko ta. Ku tambaye ta."

"Gaskiya ne, a nan kika ɗauko wannan," in ji Ari. Ya je bakin madafa ya ɗauko ta kanumfari, ya ajiye kusa da ɗayar. Farare biyu, rubutu iri ɗaya, murfi iri ɗaya. "Duk wata Julie tana kawo sabuwa. A gidan nan ba a yar da abu mai murfi. Ga ɗaya da magani, ga ɗaya da kanumfari."

Bai ƙara ba. Ya yi niyyar ƙarawa, bakinsa ya ƙi.

Sai murya ta fito daga bayan labule, a hankali, kamar mai tambayar farashin gishiri.

"Falmata. Robar da kika roƙa a wurina watan jiya, me kika zuba a ciki?"

Falmata ta ƙanƙame hijabinta.

"Ranar da kika biyo daga gidan biki, da kika tafi na ga roba a kan tabarmar salla. Na zaci ta maganin ce, na ce Jawahir dai ba ta mayar da abu inda ta ɗauka. Na ɗora ta a kan kanta, a gaba." Ta ɗan ɗaga murya. "Falmata, da ke nake."

Hannun Falmata ya fito daga cikin hijabi da farar roba ta uku. Ta ajiye ta a tabarma, ta durƙushe a kanta.

"Mantawa na yi, Yaya. Wallahi mantawa na yi. Sai da aka dawo da ita daga asibiti na shiga ɗakinki na gan su biyu a jere, tawa ta ragu. Na ga yatsanki. Na ce in kin sani ba za ki rayu ba. Na ɗauke tawa na ba su ɗayar. Na ce za su gwada su ga ba komai, su sake ta. Ban san za a ce ciki ba ne. Da aka fara faɗa kuma na kasa..."

"Kin ji ana faɗa," in ji Zakka, bai ɗaga murya ba. "Kina zaune."

Falmata ta rufe fuska da hijabi.

Mai unguwa ya yi salati. Matan bakin madafa suka fara kuka, irin kukan da ba su yi ba ranar jana'iza. Daga bayan labule kuwa babu kuka. Can sai aka ji Kubura tana magana, ba da kowa ba.

"Ta ce da ɗaci. Na ce ta shanye."

Ta sake faɗa. Ta sake.

Julie ta miƙe. Insfekta ya ɗaga hannu zai tsayar da ita, ya fasa. Ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ta ɗaga labulen ta shiga, ya faɗo a bayanta.

"Inna, ni ce."

Sannan ne kukan Kubura ya fito.

* * *

Mai unguwa ya tafi masallaci don ya faɗa bayan azahar, da bakinsa. Insfekta ya tafi da Falmata da robar ta uku. Ya ce game da uwar babu abin da zai rubuta sai kuskure. Game da ƙanwar, sai abin da na gaba suka gani. Ikrima ya fita bai yi wa kowa sallama ba. Matan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowace da gidan da za ta fara shiga.

Tsakar gida ta rage Ari da Zakka, da muryoyi biyu a bayan labule, ɗaya na kuka ɗaya na rarrashi, wani lokaci su yi musaya.

Ari ya dubi bakin magudana. Nan Kubura za ta tsuguna gobe ta yi wanke-wanke, da jibi, har ta fita takaba, har bayan nan. Ya naɗe hannun riga, ya samo guntun bulo a gindin katanga, ya ɗebo yashi ya watsa a kan tabon, ya tsuguna ya fara gurzawa. Tun da ya san kansa aikinsa ke nan ya hana a taka sawu. Bai taɓa share ko ɗaya ba.

Zakka ya ɗauko bokiti ya tsaya a kansa. Ya zuba ruwa kaɗan, yashin ya wanke, baƙin yana nan yadda yake.

"Ari, ba zai fita ba."

"Na sani, Malam," in ji Ari. Ya ƙara yashi. "Zuba."